CIWON SIDA: ME YA SA WANI YAKE DAƊEWA DA ƘWAYAR CUTA BAI KWANTA BA?



A rangadin da muka yi na cibiyoyin yaƙi da jahilci na ƙasar Yekuwa a ranin da ya wuce, wani dattijo ya tare mu da tambaya bayan an tashi daga karatu. Ya ce: "Mushe, ku da likita kuna cewa sida ba ta da makari. To, ni na san wani yaro da aka yi wa awon jini a wurin cin rani, aka ce yana da ita. Yau shekara bakwai ke nan. Bana ma shi ya nome gonar ubansa. Shin awon ne ya yi ƙarya, ko rubutun da ya sha ne ya wanke shi?"

Ba mu ba shi amsa a tsaye ba, domin tambayar ta fi ƙarfin amsar tsaye. Kuma ba shi kaɗai ke yin ta ba. Daga Magarya zuwa Dungas, duk inda samari ke tsallaka iyaka su tafi Kano ko Legas neman kuɗi bayan girbi, ana jin irin wannan labari. Haɗarinsa shi ne, mai shan magani yakan ji shi ya ajiye maganinsa, wanda kuma bai je awo ba ya ce ba sai ya je ba. Saboda haka muka ga ya kamata mu warware maganar a wannan shafi, tun daga tushe.

Mayaƙan da ke cikin jini

Jinin mutum ba ruwa ba ne zalla. A cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Jajaye su ne masu ɗaukar iska zuwa gaɓoɓi. Farare su ne masu tsaron jiki, su ake nufi idan an ce garkuwar jiki.

A cikin fararen akwai wata runduna da ake kira ƙwayoyin T. Asalinsu daga ɓargo ne, amma horonsu a wani ɗan ƙullutun nama suke samunsa, wanda yake bayan ƙashin ƙirji. Sunan naman nan a bakin likitoci timus, daga nan harafin T ya fito. Sai a 1961 wani masani mai suna Jacques Miller ya gano amfaninsa. Kafin nan ana ɗauka ba ya aikin komai. Idan sun gama horo, sai su bazu cikin jini, da hanji, da kaluluwa. Kumburin kaluluwa da mutum yake ji a hantsa idan ya yi miki a ƙafa, taron mayaƙan nan ne.

Rundunar kashi biyu ce. Mu ɗauki misalin birnin Damagaram a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye shi da ganuwa. Idan mahara sun taso, akwai masu buga tambari su tara jama'a, su nuna wa kowa ƙofar da zai tsare. Akwai kuma ƴan baka, masu harbi. Masu tambari su ne ƙwayoyin CD4. Ƴan baka su ne ƙwayoyin CD8. A jikin mai lafiya, cikin ɗigon jinin da bai kai girman ƙwayar hatsi ba, ana samun CD4 daga 500 zuwa 1500.

Muguntar ƙwayar cutar sida ita ce, masu tambarin take nema. Takan shiga cikin CD4, ta cusa irinta cikin irin ƙwayar halittar, ta mai da ita masaƙar saƙa sababbin ƙwayoyin cuta. Idan masu tambari sun ragu ƙasa da 200, birni ya zama ba mai kira. A lokacin ne tarin fuka, da zawo mai daɗewa, da farin baki, da rama suke shigowa. Wannan mataki na ƙarshe shi ne sida. Ɗaukar ƙwayar cuta daban, kwanciya da sida daban, kuma tsakaninsu akwai shekaru.

Yaya ɗan baka yake gane gidan da ɓarawo ya ɓuya?

Nan ne abin mamaki yake. Ƙwayar cuta tana ciki, CD8 yana waje, ba ya ganin ta. To, amma kusan kowace ƙwayar halitta ta jikinmu tana da wata ɗabi'a irin ta mai sayar da hatsi a kasuwar Magarya: ba ya zazzage buhu, sai ya ɗebo kaɗan a faifai ya ajiye a gabansa, mai saye ya duba ya san abin da ke ciki. Haka ƙwayar halitta take yanko guntaye daga duk abin da ake ƙerawa a cikinta, ta ɗora su a kan wani faifai a bayan fatarta. Sunan faifan nan HLA.

CD8 yana zagayawa yana duba faifai. Idan guntun na gida ne, ya wuce. Idan ya ga guntun baƙo, sai ya manne wa ƙwayar halittar, ya huda ta, ya zuba mata dafin da zai kashe ta tare da abin da ke cikinta. Sa'an nan ya hayayyafa, ɗaya ya zama dubbai, dukansu masu gane wannan guntu.

A riƙe wannan magana: faifan HLA gado ne. Rabi daga uwa, rabi daga uba. Irinsa dubbai ne a cikin ƴan Adam, kuma kowane iri da guntun da yake iya ɗauka. Mutum biyu ƴan gari ɗaya za su kamu da ƙwayar cuta iri ɗaya, amma abin da jikin kowannensu yake nuna wa ƴan bakansa ya bambanta.

Karon farko

Mako biyu zuwa huɗu bayan ƙwayar cuta ta shiga jiki, mutane da yawa sukan yi zazzaɓi, da ciwon maƙogwaro, da ciwon gaɓoɓi. A ƙasarmu, wa zai ce ba zazzaɓin cizon sauro ba ne? A kwanakin nan ƙwayar cutar takan kai miliyoyi cikin mililita ɗaya na jini, wato kashi ɗaya cikin biyar na ƙaramin cokalin shayi. Lokaci ne da mutum ya fi saurin harbin wani, alhali shi kansa bai sani ba. Bayan ƴan makonni sai zazzaɓin ya tafi, yawan ƙwayar cutar ya faɗi ƙasa warwas, ko da ba a sha magani ba.

Wa ya kayar da ita? Masana sun daɗe suna bin sawu. A 1986, a birnin San Faransisko na Amurka, ƙungiyar Jay Levy ta nuna cewa idan an cire CD8 daga jinin mai ɗauke da cutar a cikin kwalbar gwaji, ƙwayar cutar takan tashi, idan an mayar da su ta lafa. A 1994 wasu ƙungiyoyi biyu suka nuna cewa faɗuwar ƙwayar cutar a makonnin farko tana zuwa daidai da fitowar CD8 masu gane ta. Hujjar da ta fi ƙarfi ta zo a 1999. Aka ɗauki birai masu ɗauke da ƴar uwar wannan cuta, aka yi musu allurar da ta kawar da CD8 daga jininsu. Nan take ƙwayar cutar ta hau. Da CD8 suka dawo, ta sauka.

Ashe kowane mai ɗauke da cutar jikinsa yana yaƙi. Shi ya sa yawancin mutane sukan yi shekara takwas zuwa goma suna noma, suna fatauci, suna aure, ba alamar komai. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A wannan ciwo ido bai san ƙima ba.

Me ya sa yawanci ake cin birnin?

Lafiyar da ake gani a shekarun nan ba sulhu ba ce. Binciken David Ho da abokan aikinsa a 1995 da 1996 ya nuna cewa jikin wanda ba ya shan magani yana iya fitar da sababbin ƙwayoyin cuta wajen biliyan 10 a kowace rana. Kullum ana kashe CD4, kullum jiki yana mayar da gurbinsu, amma mayarwar ba ta kai asarar ba. Kamar rumbu ne da ake ɗiba mudu goma ana zuba tara.

Ƙwayar cutar kuma gwanar sauya kama ce. Wajen kwafar kanta tana yawan kuskure, irin na ɗalibin da yake kwafar allo da gaggawa. Yawancin kurakuran nan ba su amfane ta da komai. Amma cikin biliyoyi, sai a dace da wadda guntunta ya sauya har CD8 bai gane shi ba, ko ma ya ƙi zama a kan faifai. Wannan ita za ta tsira ta cika jiki. Ƴan baka su koyi sabuwar kama, ta sake sauyawa. Tana kuma da wani sinadari da yake janye faifan daga bayan fatar ƙwayar halitta, don kada a ga tallar.

Ga kuma gajiya. A 2006, binciken da aka yi a Durban ta Afirka ta Kudu ya nuna cewa CD8 da suka daɗe suna faɗa ba hutu sukan yi sanyi: suna nan, suna ganin abokin gaba, amma harbinsu ba ƙarfi. Kuma masu tambarin da za su ƙarfafa su, su ake kashewa.

Dabara ta ƙarshe manomi ya fi kowa gane ta. Kun san gaugai, wanda wasu ke kira ƙuduji ko wuta-wuta. Ko an tuge shi kaf, irinsa yana kwance a ƙasa fiye da shekara goma, yana jiran saiwar hatsi. Haka ƙwayar cutar take kwantar da irinta cikin wasu CD4 masu barci. Mai barci ba ya ƙera komai, ba ya ɗora komai a faifai, saboda haka ɗan baka ba ya ganin sa, magani ma ba ya taɓa shi. Wannan ne dalilin da ya sa maganin da ake da shi yake danne cutar amma ba ya tumɓuke ta.

Ƴan kaɗan da jikinsu ya riƙe ta

Duk da haka akwai wasu mutane, ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, waɗanda ba su taɓa shan magani ba, amma shekara da shekaru ƙwayar cutar da ke jininsu ba ta kai 50 a mililita ba, har na'urar ƙidaya ba ta ganin ta. Awon farko, mai nuna ko mutum ya kamu, yana nuna sun kamu. Suna ɗauke da ita, jikinsu ne ya yi mata dabaibayi.

An yi ta tambaya ko ƙwayar cutar tasu ce raguwa. Ga mafi yawansu ba haka ba ne. A 2007, a Cibiyar Pasteur ta Faransa, inda aka fara gano ƙwayar cutar a 1983, Asier Sáez-Cirión da abokansa suka nuna cewa CD8 na irin waɗannan mutane suna kashe ƙwayoyin halittar da suka kamu da ƙarfin da ba a gani ga sauran. A 2010 aka buga wani babban bincike, wanda Bruce Walker na Boston yake cikin jagororinsa, aka duba gadon mutum kusan dubu waɗanda jikinsu ya danne ƙwayar cutar ba tare da magani ba. Babban bambancin da aka samu duk a wuri guda yake: a kwarmin faifan HLA, inda guntu yake zama. Irin faifan da ake kira B57 da B27 sun yi yawa a cikinsu. A Afirka an ga amfanin B57 da B81 da wani reshe na B58.

Mene ne fifikon waɗannan faifai? Ɓarawo yana iya sauya riga da hula kullum, amma ba zai sauya ƙashin bayansa ba. Yawancin faifai rigar ƙwayar cutar suke nunawa. Waɗannan kuwa sukan ɗauko guntu daga ɓawon ciki, wanda yake riƙe da irin ƙwayar cutar. Idan ta sauya wannan wuri don ta ɓuya, sai ta gurgunce, haihuwarta ta ragu. Idan ta bar shi, a harbe ta. Binciken 2019 ya ƙara tabbatar da haka: abin da ya fi muhimmanci shi ne wurin da ɗan baka ya auna, wato mahaɗar da sauran sassa suka dogara da ita.

Amma a lura. Yawancin masu B57 idan sun kamu ba sa riƙe cutar haka, kuma akwai masu riƙe ta da ba su da shi. Iri mai kyau ba shi kaɗai ke cika rumbu ba.

Akwai ma mata biyu da labarinsu ya zagaya duniya. Ɗaya Ba'amurkiya ce, Loreen Willenberg, wadda aka samu da cutar a 1992. A 2020 aka bincika ƙwayoyin halittarta fiye da biliyan ɗaya, ba a sami irin ƙwayar cuta ko ɗaya mai iya tsirowa ba. A 2021 aka ba da labarin ta biyu, daga garin Esperanza na Ajantina. Mutum biyu ke nan, cikin miliyoyin da suka kamu.

Abin da aka koya a yankinmu

Wani sashe na wannan ilimi a Afirka ta Yamma aka samo shi. A 1985, a Dakar, aikin Farfesa Souleymane Mboup da abokansa ya nuna alamar cewa akwai ƙwayar cuta ta biyu, kuma a 1986 aka ware ta daga jinin majinyata ƴan Gini Bisau da Kef Bad. Wannan iri na biyu ya fi tafiyar hawainiya. A ƙauyen Caió na Gini Bisau an bi masu ɗauke da shi shekaru masu yawa. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na'ura ba ta ganin ƙwayar cutar a jininsu, kuma yawan mutuwarsu bai wuce na waɗanda ba su kamu ba. A nan ma an tarar ƙwayoyin T nasu ɓawon ciki suke auna. Sai dai iri na biyu shi ma yana kai mutane da yawa ga sida, kuma a Nijar iri na farko ne ya fi yawa nesa ba kusa ba.

A 1995 kuma, Sarah Rowland-Jones ta sami wasu mata a Gambiya waɗanda suka sha haɗuwa da cutar ba su kamu ba, amma a jininsu akwai CD8 masu gane ta. An ga irinsu a Nairobi ta Kenya. Sai ga shi daga baya wasu daga cikin matan Nairobi sun kamu. Garkuwar da aka ɗauka ta ƙarfe ce, ashe tana huduwa.

Duk wannan bincike, burinsa allurar rigakafi ce da za ta koya wa ƴan bakan kowa auna wurin da ya dace. Ba a kai ba tukuna. Babban gwajin allurar da aka gina kan ƙwayoyin T an tsayar da shi a 2007 don bai kare kowa ba, wani kuma aka tsayar a farkon 2023.

Mu koma ga tambayar dattijo

Yaron da ya yi shekara bakwai yana noma, abin da ya fi yiwuwa shi ne yana cikin shekarun nan na shiru da muka bayyana, rumbunsa yana raguwa bai sani ba. Yana yiwuwa kuma yana shan magani a ɓoye, domin a garuruwanmu mai shan maganin sida ba ya shela, kuma ba mu ga laifinsa ba, ganin yadda bakin mutane yake. Yana yiwuwa awon farko ba a tabbatar da shi da na biyu ba, kamar yadda ƙa'ida ta ce. Zama cikin ƴan kaɗan ɗin nan shi ne mafi ƙarancin yiwuwa, kuma ba a sanin sa da kyan jiki, sai da ƙidayar ƙwayar cuta a jini, ba sau ɗaya ba. Ko su ɗin ma likita ba ya sakin su, domin wasunsu dabaibayin yakan kwance bayan shekaru.

Mun daɗe a kan wannan ne domin shekarun shiru su ne jarin masu cewa sun warkar da sida. A ba mutum saiwa ko rubutu, ya ga bai kwanta ba, ya ce ya warke, alhali aikin CD8 ɗinsa ne aka karɓi kuɗinsa. Ba ƙananan mutane kaɗai ke wannan ba. A 2007 shugaban Gambiya na lokacin, Yahya Jammeh, ya ce yana warkar da sida da ganyaye, aka sa majinyata suka bar maganin likita, wasunsu suka mutu. Ba mu hana kowa addu'a ba. Addu'a da ƙwayar magani ba kishiyoyi ba ne.

Abin da jikin ƴan kaɗan yake yi da kansa, yau magani yana yi wa kowa. A Nijar an ba da rahoton ciwon a karon farko a 1987, kuma tun 2004 ake ba da maganin da ake kira ARV, kyauta. Ƙidayar lafiya ta ƙasa ta sami kashi 0,7 cikin ɗari na manya suna ɗauke da cutar a 2006, da kashi 0,4 a 2012. Da can sai an jira CD4 sun ragu kafin a fara magani. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara da zarar an gano, domin an tabbatar wanda ya fara da wuri ya fi tsira daga tarin fuka da sauran cututtuka. Ga yawancin manya ƙwaya ɗaya ce a rana. Cikin wata shida, mai sha ba fashi yakan kai inda na'ura ba ta ganin ƙwayar cutar, CD4 su farfaɗo. Wanda ya kai nan ya kuma zauna a nan, ba ya harbin matarsa ta hanyar kwanciya. Mace mai ciki da ba ta shan magani, cikin jarirai ɗari 15 zuwa 45 suke kamuwa. Idan tana sha tun daga ciki har yaye, ba su kai 5 ba. Amma ranar da aka ajiye magani, irin gaugai yana nan: cikin ƴan makonni ƙwayar cutar take dawowa.

Saboda haka abin da muka gaya wa dattijon da muka koma Yekuwa shi ne, kada ya tara mutane a kan yaron, domin doka ma ta hana tona asirin mai wannan ciwo. Ya kira shi gefe, su biyu, ya ce masa ya tafi asibitin gunduma a Magarya a sake awo, a kuma ƙidaya ƙwayar cutar. Idan yana da mata, su tafi tare. Idan tana da ciki, kada ta jira shi, ta nemi awon a wurin awon ciki tun zuwan farko. Wanda kuma yake shan magani zai tafi cin rani, ya gaya wa likitansa tun kafin ya ɗaura kaya, domin a ba shi na watanni, a rubuta masa sunan maganin a takarda ya tafi da ita.